Kusheyi Marasa Rubutu: Abin da Durɓi ta Kusheyi Ta Adana

Duk wanda ya shiga maƙabartar wani ƙauye a ƙasar Katsina, kamar Maƙera ko ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya ya tarar da tsohon dutse mai ɗauke da sunan mamaci. Abin da zai gani shi ne tudun ƙasa, da guntun tulu ko dutse da aka kafa wajen kai. Bayan damina kaɗan tudun ya kwanta, sai dattawan gari kaɗai ke iya nuna inda wane yake. Dalili kuwa a fili yake: malaman mazhabar Malikiyya sun karhanta gini da ƙawa a kan kabari, Bahaushe kuma ya riƙe wannan da kyau. Allunan ƙarfe masu suna da kwanan wata da ake gani a birane baƙin abu ne.

Ba haka abin yake ko'ina a Afirka ta Yamma ba. A Gao-Sane, ta ƙasar Mali, an tono duwatsun kaburburan sarakuna masu rubutun Larabci, wasunsu na marmara da aka sassaƙo a Almeriya ta Andalus. Ɗaya daga ciki na ɗauke da shekarar 494 Hijiriyya, wato 1100 Miladiyya. Masanin tarihi a can yana karanta suna da shekara kai tsaye. Takwaransa na ƙasar Hausa kuwa dole ya nemi wata hanya.

Shi kansa harshe shaida ne. Kalmar kabari aro ce daga Larabci, haka ma hubbare, wadda ta biyo ta Fulatanci. Tsohuwar kalmar Hausa ita ce kushewa, jam'inta kusheyi, kuma ita ce ta wanzu a sunan Durɓi ta Kusheyi, wani wuri a ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina. Akwai manyan tuddai a wurin, waɗanda tarihin baka ya ce makwancin sarakunan Durɓawa ne, zuriyar Kumayau, da suka yi mulki har lokacin da Korau ya kashe Sanau ya karɓe sarauta. 

A 1907 Bature Palmer, da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan. Aikin bai bi ƙa'idar da masana ke bi a yau ba, abin da ya rage na bayaninsa kuma ɗan kaɗan ne. Wannan hasara ce da ba ta da mayi. A 1992 masana daga Jamus suka haƙa wasu tuddai uku, aka kai kayan birnin Mainz don gyara da nazari.

A nan ne kusheyin suka yi magana. A tsakiyar kowane tudu mutum guda aka binne, tare da kayan ƙawa: awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da mundaye na jan ƙarfe, har da 'yan kunne na zinariya da wani kwanon tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya. Awon masana ya sanya kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wuri daga Tekun Indiya yake fitowa, kwanon kuma sai da ya ƙetaro Sahara, ashe ke nan fatauci mai nisa ya riga ya haɗa ƙasar Katsina da duniyar Musulmi tun wancan zamani. Amma binne mutum da dukiyarsa ba koyarwar Musulunci ba ce. Wato kayan Musulmi sun iso fada kafin jana'iza irin ta Musulmi ta zauna a cikinta.

Da addinin ya kafu sai tuddai suka ƙare. Kaburburan da Katsinawa suka ci gaba da tunawa su ne na malamai, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na ƙarni na 17, kuma ziyara da bakin jama'a ne suka riƙe sunayensu, ba rubutu a dutse ba.