Daga siziyam zuwa BAC: Waiwayen shekaru bakwai na ɗaliban Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Ɗaliban da suka zauna jarabawar BAC ta 2025 a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi sun shiga ajin siziyam ne a watan Oktoban 2018. Idan aka cire waɗanda suka maimaita aji, shekaru bakwai ke nan: huɗu a kwaleji, uku a lise. A cikin wannan ɗan lokaci sun ga annoba, sun ga rufe iyaka har sau biyu, sun ga juyin mulki, duhu da ambaliya. Duk wanda ya fito daga wannan zango da takardar shaida a hannu, ya cancanci a yi masa guɗa. Wanda bai samu ba kuma, aƙalla ya fito da labaran da za su ishe shi hira a fada har tsufa.

Ranar farko da wandon da ya fi mai shi

Kowa ya san ɗan siziyam tun daga nesa. An ɗinka masa riga da wando da lissafin shekaru uku masu zuwa, saboda uba ba ya son komawa wurin tela baɗi. Ga jaka cike da kaye sababbi, ga bik shuɗi da ja, ga tsoron manyan ɗalibai a fuska. A firamare malami ɗaya ya sani, shi ne lissafi, shi ne Faransanci, shi ne bulala. A kwaleji sai ya tarar kowane darasi da mushensa, kowane mushe da halinsa, kuma duk sun ɗauka darasinsu kaɗai ake yi a duniya.

Yaran da suka zo daga ƙauyukan Cadawa, Gangara, Cadakori, Saye Sabuwa ko Gidan Sori suna da ƙarin jarabawa wadda ba ta cikin tsarin karatu, wato zaman gidan mai masauki. Kafin a tafi lakwal a ɗebo ruwa, a ba dabbobi abinci, a share tsakar gida. Ranar Juma'a da yamma a kama hanyar gida, ranar Lahadi a dawo da ɗan gero da ƙuli-ƙuli a buhu. Mai keke a cikinsu sarki ne, har ranar da ƙaya ta huda masa taya a tsakiyar yashi, ya iso makaranta shi ne ke ɗauke da keken.

Mutanen da babu ajin da ya rasa su

Akwai mai barcin bencin baya, wanda ya ƙware wajen yin gyangyaɗi ido buɗe, sai an kira sunansa ya miƙe ya amsa tambayar da aka yi tun darasin da ya wuce. Akwai mai aron bik, wanda ya yi shekaru bakwai bai taɓa sayen nasa ba, kuma bai taɓa mayar da na wani ba. Akwai mai dogon Faransanci, wanda ko wurin mai awara ya je sai ya haɗa jimlar da shi kansa bai san inda za ta ƙare ba. Akwai shugaban aji, mai rubuta sunayen masu surutu, wanda farashin goge suna a wurinsa bai wuce fanke biyu ba. Akwai kuma yarinyar bencin gaba mai rubutu kamar na injin, wadda rabin ajin ya dogara da kayenta, kuma ranar da ta yi zazzaɓi kowa ya san an shiga uku.

Sai sirbeyan, mai tsaron ƙofa da sanda, wanda ya ji kowane irin uzuri na makara. A bakin wasu ɗalibai, kaka ɗaya ta rasu sau uku a shekara guda, kuma duk ranar dabuwar ɗin lissafi take rasuwa.

Hutun da ba a roƙa ba

Suna sankiyam cutar korona ta iso. An rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020, ba a sake buɗewa ba sai farkon watan Yuni. Duniya na maganar karatu ta intanet, ɗan Gangara kuwa yana neman inda zai caja wayar yayansa. Da aka koma aji, damina ta kawo kai, sai karatu ya haɗu da noma, kuma kowa ya san wanda ke cin nasara idan uba ya ce a tafi gona.

A daidai lokacin iyakar Najeriya ma a rufe take, tun daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. Ga yankin da kusan komai nasa daga Katsina da Kano yake shigowa, tun daga takalmi har zuwa man fetur, wannan ya taɓa aljihun iyaye kai tsaye. Kuɗin tara, wato na abincin hutun safe, ya koma dala ashirin, wani lokacin ma sai addu'a.

Ba a maganar lakwal a Nijar a manta da yajin aiki. Idan malaman kwantiragi suka ajiye alli saboda jinkirin albashi, da sun dawo sai ɗalibai su karɓa a ƙarƙashin ƙungiyar USN. Ƙaramin ɗalibi yakan bi zanga-zanga da ƙarfinsa, yana ɗaga murya, ba tare da ya san abin da ake nema ba. Sai ya girma yake gane cewa ƙungiyar tana da tarihi mai nauyi, musamman ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke Yamai.

Karatu a hasken tocila

Bayan BEPC a 2022 aka rabu gida-gida. Masu tsoron lissafi suka gudu sashen A, suka tarar falsafa na jiran su a tarminal. Masu mafarkin zama likita suka shiga sashen D, suka fara rama tun kafin su ga asibiti. 'Yan sashen C kuwa ba su da yawa, ana kallon su kamar masu aljanu.

Suna hutun ƙarshen sagwand aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Takunkumin CEDEAO ya biyo baya, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Abin dariyar shi ne layin wutar da ke tasowa daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin a rarraba, don haka ɗan Gazawa ya yi bitar darasi da tocilar waya yana kallon manyan turakun wuta a bayan gari. Sai a watannin Fabrairu da Maris na 2024 aka janye matakan.

Shekarar ƙarshe ma ba ta zo da sauƙi ba. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta yi wa jihar Maraɗi ɓarna sosai, ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan, domin azuzuwa da yawa sun rushe ko sun zama mafakar waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Azumi ya faɗo a watan Maris, zafin Afrilu ya biyo baya, malamin falsafa yana tambayar mene ne gaskiya, ɗalibi kuwa gaskiya ɗaya ya sani, ƙishirwa.

A cikin watan na Maris 2025 ne kuma sabon kundin da hukumomin ƙasar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ɗaliban da aka sha tsawata wa don sun yi Hausa a aji sun yi murna, amma takardar jarabawa da Faransancinta ta iso.

Bencin da ya zama wayam

Idan aka ɗauko hoton siziyam aka jera da na tarminal, dariya takan ragu. Yawancin fuskokin 'yan mata babu su. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma a jihar Maraɗi adadin ya kai kashi 89. An sa hannu kan dokar kare karatun 'ya mace a Disamban 2017, amma rashin masauki mai aminci a gari har yanzu yana mayar da yarinya gida. Maza kuma wasu sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya, wasu Kano da Legas.

A Gidan Rumji, 'yan bindigar kan iyaka sun sa wasu iyalai barin ƙauyukansu, kuma tun 2019 gundumar ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Azuzuwan zana, waɗanda ɗalibai ke yi wa ba'a cewa akuya na cinye bangonsu, sun daina ba da dariya ranar 8 ga Nuwamban 2021, lokacin da gobara ta kashe yara fiye da 20 a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi.

Ranar kiran suna

Ranar sakamako jarumta ke ƙarewa. Ana neman maki 10 cikin 20, wanda ya kusa kuma a ba shi damar zagaye na biyu. Mai dogon Faransanci yakan koma addu'a da Hausa tsantsa. A Nijar an saba waɗanda suka faɗi BAC su fi waɗanda suka ci yawa, shi ya sa guɗa ɗaya a unguwa takan zo tare da shiru a gidaje uku.

Waɗanda suka haye, wasu sun nufi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wasu Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, inda sabon layi ke jiran su, na neman alawus da wurin kwana. Waɗanda ba su samu ba za su sake ɗaura ɗamara, domin faɗuwa ɗaya ba ta hana mutum tashi.

Ga 'yan uwa da ke ci-rani kuma, idan wannan waiwaye ya tuna muku da bencinku, ku tuna wani yaro na zaune a kansa yanzu, watakila a ƙarƙashin zana. Kuɗin kaye da bik, ko buhun gero ga gidan da ya sauki ɗalibar ƙauye, na iya zama abin da zai kai ta ranar kiran suna. Shi kuwa mai aron bik, har yanzu ajin na jiran ya dawo da kayan mutane.