Raya Tsohon Lambu: Abin da Lambun Fadar Barsai ke Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Da asubahin ranar 26 ga watan Disamba na shekarar 1999, wata guguwa mai ƙarfi ta ratsa arewacin ƙasar Faransa. Kafin hantsi ta tumɓuke ko ta karya itatuwa sama da 10,000 a lambun fadar Barsai, wadda Faransawa ke rubuta sunanta Versailles, kimanin kilomita 20 daga birnin Paris. Cikin waɗanda suka faɗi har da itatuwan da aka dasa tun zamanin sarauniya Mari Antuwanet. Masu kula da wurin suka wayi gari da tambayar da wannan takarda za ta duba, wato idan tsohon lambu ya lalace, zuwa wane kamanni ya kamata a mayar da shi?

Kafin a shiga bayani, ya dace a daidaita kalmomi. A Hausa, idan aka ce lambu ko garka, hankali yana zuwa ne ga albasa da tumatir da sauran kayan noman rani. Lambun da ake nufi a nan wuri ne da aka tsara da itatuwa da furanni da ruwa domin kallo da shaƙatawa, wani lokaci kuma domin nuna ƙarfin mulki. Za a yi amfani da “adanawa” ga kulawar yau da kullum, kamar ban ruwa da datsa rassa. “Rayawa” kuwa ita ce mayar da abin da ya lalace zuwa siffarsa ta da, bisa hujja.

2.0 Lambu Abin Tarihi ne Mai Rai

Ginin dutse yana iya yin shekaru ɗaruruwa da duwatsunsa na asali. Lambu ba haka yake ba, domin kayan gininsa suna tsirowa, su girma, su tsufa, su mutu. Saboda wannan bambanci ne masana daga ƙasashe dabam-dabam suka zauna a birnin Filorans na Italiya a shekarar 1981, suka tsara ƙa’idoji na musamman ga lambunan tarihi. Ƙungiyar ICOMOS, mai ba UNESCO shawara kan kayan tarihi, ta amince da su a 1982.

Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a cikin ƙa’idojin. Na farko, lambu abin tarihi ne mai rai, don haka sauya itatuwansa lokaci-lokaci wani ɓangare ne na adana shi. Na biyu, ba a fara rayawa sai an yi bincike mai zurfi, ta hanyar tono da nazarin tsofaffin takardu. Na uku, dole a girmama duk matakan da lambun ya bi a tarihinsa, ba a fifita wani zamani a kan wani sai da dalili mai ƙarfi. Wanda ya san gidan ƙasa zai gane batu na farko da sauri: ana sabunta yaɓe bayan damina, ƙasar ta sauya, amma gidan yana nan yadda magabata suka bar shi. Abin da ake gadonsa shi ne tsarin da kuma sanin yadda ake kula da shi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Lambun

A shekarar 1661 sarki Luwi na 14 ya ɗora wa André Le Nôtre aikin tsara lambun, aikin da ya ɗauki kusan shekara 40. Wurin fadama ce da daji, sai da aka kwashe ƙasa mai yawa, aka kuma kawo manyan itatuwa daga yankuna masu nisa. Le Nôtre ya shimfiɗa doguwar hanya daga fadar zuwa yamma, wadda ta ƙare da wani haƙaƙƙen tafki mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi. A gefen hanyar ya keɓe ƙananan kurmi, kowane ɗaya kamar ɗaki ne mai bangon shinge, da mafesan ruwa da gumaka a ciki. Sarki ya mayar da fadarsa Barsai a 1682.

Ruwa ne ya fi ba su wahala. An gina wata babbar na’ura kusa da Marly, a bakin kogin Sen, mai ƙafafun ruwa 14, domin ɗaga ruwa zuwa tudu, amma duk da haka bai wadatar ba. Ma’aikata kan buɗe mafesa idan sarki ya kusato, su rufe da zarar ya wuce.

Abin lura a nan shi ne, lambun bai taɓa tsayawa a kamanni ɗaya ba. Itatuwansa suna bukatar sabuntawa kusan duk bayan shekara 100. A tsakanin 1774 da 1775 sarki Luwi na 16 ya sa aka sare tsofaffin itatuwan aka dasa sababbi, a lokacin kuma aka sauya wasu kurmi bisa yayin zamanin. An sake wani dashen daga zamanin Napoleyon na 3. Ashe ke nan itatuwan da guguwar 1999 ta tarar, yawancinsu sun riga sun wuce wa’adinsu. Wata guguwa ta 1990 ta riga ta nuna raunin nasu, kuma tun daga nan aka fara shirin sabon dashe a ƙarƙashin masanin gine-ginen tarihi Pierre-André Lablaude. Guguwar 1999 ta hanzarta abin da mutane ke jin nauyin yi, domin sare tsohon itace mai inuwa ba ya yi wa jama’a daɗi. Bayanta, mutane daga ƙasashe da dama suka ba da gudummawar kuɗi domin dashen.

4.0 Amsoshi Uku ga Tambaya Ɗaya

Masu aikin ba su ba da amsa guda ga lambun baki ɗaya ba. Sun bi kurmi ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon hujjar da ke hannu.

4.1 Komawa ga zamanin Luwi na 14. Kurmin Mafesa Uku, wanda aka yi a 1677, ya ɓace tun ƙarni na 19. Amma akwai zane-zanensa da taswirorinsa, tono kuma ya fito da harsashinsa. Da wannan hujja, da tallafin wata ƙungiyar Amurkawa masoya Barsai, aka mayar da shi siffarsa ta farko a tsakiyar shekarun 2000.

4.2 Barin abin da ya zo daga baya. A zamanin Luwi na 14 akwai wani kurmi mai hanyoyi masu rikitarwa, da mafesa 39 masu siffanta tatsuniyoyin dabbobi. An rushe shi a zamanin Luwi na 16, aka yi Kurmin Sarauniya a gurbinsa. Ko da yake na farkon ya fi suna, ba a sake gina shi ba. Kurmin Sarauniya aka raya, aka buɗe shi a 2021, domin shi ma ya zama tarihi, rushe shi zai zama goge wani shafi domin a rubuta wani.

4.3 Yin sabon abu. Kurmin da ake kira Dandalin Ruwa shi ma an rushe shi a zamanin Luwi na 16, daga baya guguwar 1990 da ta 1999 suka kwashe itatuwan wurin. A nan sai aka buɗe gasa. Louis Benech ya tsara lambun, Jean-Michel Othoniel ya ƙera mafesan, aka buɗe shi a 2015. Sabon aiki ne da ba ya da’awar tsufa, an kuma yi shi ta yadda ba zai ɓata ragowar tsohon da ke binne a ƙasa ba.

Zaɓi na farko shi ya fi jawo muhawara tsakanin masana. Masu suka suna ganin cewa kurmin da aka sake ginawa daga zane kwaikwayo ne, komai kyawunsa. Masu goyon baya kuwa suna cewa tun da babu lambun da ke riƙe da itatuwansa na asali, tsari shi ne ma’auni, kuma idan hujja ta cika babu laifi a dawo da shi.

5.0 Abin da Le Nôtre Bai Sani Ba

Akwai wata matsala da tsofaffin takardu ba za su warware ba, wato sauyin yanayi da sababbin cututtuka. Wani itace mai sama da shekara 300, wanda ake dangantawa da Mari Antuwanet, ya tsira daga guguwar 1999, amma tsananin zafin shekarar 2003 ya kashe shi, aka kayar da shi a 2005. Haka kuma ɗan itacen da Faransawa ke kira buis, wanda da shi ake zana ado a filayen irin waɗannan lambuna, wata tsutsa da ta shigo Turai daga gabashin Asiya wajen 2007 tana cinye ganyensa. Mai rayawa yana tsakanin abu biyu: ya dasa irin da tarihi ya ambata ko da zai mutu, ko ya nemi wani irin da zai jure ya kuma ba da siffa iri ɗaya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa lambun Barsai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979, an sare shi an sake dasa shi fiye da sau ɗaya, kuma kowane kurmi nasa yana ɗauke da shawarar da wani zamani ya yanke. Aikin mai rayawa shi ne ya san waɗannan matakai, ya zaɓa bisa hujja, ya kuma rubuta dalilinsa domin na baya. Ƙananan itatuwan da aka dasa bayan 1999 sun yi inuwa yanzu. Idan lissafin shekara 100 ya tabbata, wajen ƙarshen wannan ƙarni wasu za su sake fuskantar tambayar da aka buɗe takardar da ita, kuma rubutun da aka bar musu shi zai zama madogararsu.