Kafin Ka Miƙa Kuɗin Hayar Farko

Da yawa daga cikin masu kama hayar farko a Kano angwaye ne, kuma dillali ya san haka. Ya san an sa rana, ya san dangin amarya sun fara tambayar yaushe za su zo jere. Shi ya sa da ka nuna ciki da falon ya yi maka, zai ce akwai wani da ya yi alkawarin kawo kuɗi da la'asar. Wataƙila akwai shi, wataƙila babu. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, bakinka yana da nauyi ne muddin kuɗin suna aljihunka.

Fara da sanin wanda kake ciniki da shi. Dillali ba mai gida ba ne, la'adarsa yake nema, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin shekara. Nemi ganin mai gidan ko wakilin da ya naɗa, ka tambayi maƙwabta ko mai unguwa su tabbatar maka. An sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya.

Sai takarda, kuma a nan kunya take cutar mu. Saurayi yana ganin rashin ladabi ne ya ce wa sa'an mahaifinsa, "Alhaji, a rubuta." Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. In an rubuta kuma, a karanta, musamman wurin da ya yi maganar notis. A dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Abuja, da irinta a jihohi da dama, mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata 6, mai biyan wata-wata yana da wata 1, sannan a ƙara masa kwana 7 kafin mai gida ya nufi kotu. Amma wannan in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba ne. In lauyan mai gida ya rubuta wata 1 ka sa hannu, ka sarayar da wata 5 da alƙalaminka. In kuma aka rubuta hayar shekara guda ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika ta ƙare, kwana 7 ɗin nan kawai ya rage maka. Roƙi a ƙara layin da ya ba ka damar sabuntawa, da wanda ya ce za a sanar da kai ƙarin kuɗi wata 3 kafin lokaci.

Masu cewa sai ka biya shekara biyu a dunƙule suna nan. Legas ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a dokarta ta 2011, ban da wasu unguwanni irin su Ikoyi. A wajenmu ciniki ne, don haka taya.

Ni a ganina, ragin kuɗi ba shi ne babban abin nema ba. Mai gida ya fi saurin yarda da gyara a kan ragi. In rufi yana yoyo ko ƙofar banɗaki ta ruɓe, ku yi magana ka gyara a cire daga kuɗin haya, a rubuta adadin. A fayyace wa zai biya yasar shadda, wa zai gyara injin burtsatse in ya ƙone, da sharaɗin mayar maka da kuɗin ajiya ranar tashi.

Gidan da ka gani da rani, dubi gindin bangonsa: tabon ruwa zai gaya maka inda damina take kaiwa. Duba mitar wutar KEDCO ko akwai bashin wanda ya tashi, in kuwa mita ɗaya ce ta gidan duka, tambayi yadda ake raba kuɗin. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita, ka tura wa mai gida ta WhatsApp. Kuɗin kuma ka tura su ta banki zuwa asusun da aka rubuta a yarjejeniya, ka karɓi rasit mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa.