Gangariya ko Ɗan Taiwan: Cinikin Jikin Mota a Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ranar Lahadi da sassafe zai ga irin motocin da ke ɗauke da arzikin karkara. Ga Golf da Sharon masu ɗibar fasinja, ga J5, sannan jefi-jefi ga tsohuwar a-kori-kura ƙirar Fijo 504, ta sunkuya da buhunan gero, awaki a ɗaure a sama, yaran mota a tsaye a baya. Wannan yanki na arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Kunci, ƙasa ce da ba a barin saura. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma gonar da ake nomawa kowace damina taki take ci. A da jakuna ne ke kwaso takin daga birni a mangala. Yanzu rabin aikin ya koma kan mota: ta kai taki da rani, ta kwaso amfani da kaka ta kai Dawanau, ta ɗauko tumatir da albasa daga bakin madatsun Watari da Tomas.

Motar da ke wannan bauta jikinta ne ke fara gazawa. Inji ana sauke shi a yi masa garambawul ya dawo da ƙarfinsa, amma ƙofar da ta daina rufuwa, da madigadin da ya yage, da bayan da takin zamani da fitsarin dabbobi suka cinye, waɗannan sai an nemo wasu. Nan ne mai mota ke shigowa birni ya nufi Ƙofar Ruwa.

Kasuwar tana arewacin birni, a ƙaramar hukumar Dala, kuma kasuwar ƙarfe ce tun daga bakinta. Akwai masu rodi da kwanon rufi da kayan gini, akwai 'yan gwangwan da sikelinsu, sannan a ciki ga layukan kayan mota. Ba a yi wa kayan jikin mota shago mai kanta, domin ba za su shiga ba. Ƙofofi ake jerawa a tsaye, fara kusa da shuɗiya kusa da mai ruwan toka, bonet a jingine da bango, bamba a rataye a rumfa, fitilu a cikin kwali. Ƙasa baƙa ce saboda tsohon mai. Ƙarar guduma da kurfi ba ta tsayawa, don a nan ake yanka mota: a sayo wadda ta yi haɗari ko ta tsufa, yara su hau ta da sifana, kafin la'asar an raba ta gunduwa-gunduwa, kowane ɓangare ya tafi rumfar mai sayar da irinsa. Baƙo bai gama taka layin ba dillali ya tare shi. "Alhaji, me ake nema? Ta wace shekara ce? Hagu ko dama?" Wanda bai san amsar waɗannan ba, tun a nan an gane shi.

Kaya iri uku mai neman ƙofar Fijo zai tarar. Na farko shi ne na gida, wanda aka ciro daga motar da ta yi rayuwarta a Najeriya. Na biyu ɗan Beljiyam, wato tsohon kayan Turai da ke zuwa a kwantena ta Legas ko Kwatano. Waɗannan biyun su ne gangariya, don kamfanin da ya yi motar shi ya buga su. Na uku sabo ne fil, baƙi wuluk da fentin share fage, an naɗe shi a kwali, kuma ko daga ina ya fito ana ce masa ɗan Taiwan. Yawancinsa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi da Ladipo yake biyowa, ya sauka a shagunan Sabon Gari, daga nan ya watsu.

Yawan gangariyar Fijo a ƙasar nan yana da tarihi. An fito da 504 a Faransa a 1968, kuma a 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri cikin Kaduna. Lokacin tashar jiragen ruwan Legas ta cushe, don haka a jirgin sama aka riƙa kwaso sassan motar daga birnin Liyon ana saukewa a filin jirgin Kano, sannan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ke nan ƙofofi da bonet na Fijon farko sun taka ƙasar Kano tun kafin su zama mota. Gwamnati ta mayar da Fijo motar ofis, ma'aikaci ya ci bashin mota ya sayi tasa, direbobin tasha suka rungumi mai dogon baya. Ta arewa kuma matasan Turawa sun yi ta keto Sahara da tsofaffin 504 ta Tamanrasset da Agadas suna sayarwa a Nijar, wasu suka gangaro Maraɗi suka tsallako. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar tsofaffin kaya ta buɗe baki. Faransa ta daɗe da barin 504, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Tun da aka daina, duk ƙofar gangariya da ta lalace ta tafi ke nan, kamfani ba ya buga madadinta.

Bambancin gangariya da kwaikwayo ba a ido yake ba, a wajen ɗaurawa yake fitowa. Kamfanin mota yana da ƙwarya ta ƙarfe mai nauyin gaske wadda ake matse faranti a cikinta, kuma an sassaƙa ta daga zanen injiniyoyin motar. Mai kwaikwayo ba shi da zanen. Yana samun ƙofa guda ya auna ta, ya yi tasa ƙwaryar, sau da yawa da ƙarfe mai araha da ke saurin cinyewa, ya kuma rage kaurin faranti don ya rage kuɗi. Sakamakon shi ne layin da ke bin gefen mota ya fito a dushe, ramin noti ya kauce da ɗan kaɗan, gilashi ya riƙa cijewa in ana ɗaga shi. Ɗan kaɗan ɗin nan shi ne wahalar. Fanalbita zai wuni yana faɗaɗa rami, yana lanƙwasa baki, yana cusa washa a bayan hinji, kuma kuɗin wannan aiki mai mota ne zai biya. Arahar da aka samu a shago rabinta a gareji take ƙarewa. A kan titin birni ƙofar da ta bar 'yar kafa ba wani abu ba ce. A hanyar burji tsakanin ƙauyuka, da hunturu, ƙura ta nan take shiga, kuma girgizar hanya tana tsaga siririn ƙarfe daga bakin noti.

Ba na cewa duk gangariya lafiyayya ce. Ɗan Beljiyam ya fito daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri ba ya barin ƙarfe. Ƙofa za ta yi ƙyalli a sama, a kifa ta a ga gindinta ya zama gari. Na gida kuwa iskarmu busasshiya ta kare shi daga tsatsa, sai dai ya sha duka, an buga an miƙe, an shafe da fila an fesa fenti. Shi ya sa masu ido ba sa ciniki a tsaye. Za ka ga direba ya tsuguna, ya ɗaga ƙofar ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa yana saurare, domin ƙarfe zalla yana amsawa, inda aka cika da fila kuwa shiru yake yi. Wani yana tafe da maganaɗisu a aljihu, ya bi jikin da shi, inda ya ƙi kamawa ya san an rufe rami. Ya duba ramukan da ruwa ke fita a ƙasa, ya duba ɗigon waldar kamfani ko yana nan a jere. Sai bayan haka ya ce, "Maigida, nawa ka sa mata?" A faɗi, ya taya, a ce albarka, ya miƙe kamar zai tafi, a kira shi. Mai hankali kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana ɗauko fanalbitansa tun daga Bichi ko Ɗambatta ya biya masa kuɗin mota, don wanda zai ɗaura shi ya fi kowa sanin abin da zai zauna.

Wannan muhawara ba tamu ce mu kaɗai ba. A Turai da Amurka masu farfaɗo da tsofaffin motoci suna yin ta, har sukan bi tsofaffin shaguna suna neman kayan asali da suka yi kwantai ba a taɓa ɗaurawa ba, su saya da tsada. A Ingila kamfanin British Motor Heritage ya adana ƙwaryoyin asali na motar MGB, kuma tun 1988 yake buga sabon jikinta da su. A Amurka ana sayar da sabon jikin tsohuwar Mustang da izinin Ford, kuma a Taiwan ake buga shi. Wannan ya nuna laifin ba na ƙasar ba ne. Taiwan tana yin mai kyau ga wanda ya biya kuɗin mai kyau, mu kuma 'yan kasuwarmu mafi araha suke yin oda, don sun san aljihun mai saye. Bambancinmu da su shi ne, Bature yana gyara motar da zai fito da ita ranar hutu ne a kalla, shi kuwa mutumin Kunci da ita yake ciyar da gida, kuma duk ranar da ta kwana a gareji ranar kasuwa ce ta wuce shi.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ba ta girmanta ba, ita ce hannun fanalbita. A bakin tashar kowane gari a yankin nan akwai rumfar mai walda da tukunyar kabaid, da guduma iri-iri, da guntun ƙarfen jirgin ƙasa da yake dukan faranti a kai. Kawo masa madigadin da ya murɗe, ya gasa shi, ya bi shi da duka a hankali har ya koma siffarsa. Bayan a-kori-kura kuwa ba a ma neman na kamfani. Faranti mai kauri ake sayowa a Ƙofar Ruwa a yanka a shimfiɗa, a ƙara bututu a ɗaga gefe don ta ɗauki kara da dabbobi, kuma sau da yawa wannan ya fi na asali jure aikin gona. Kano garin maƙera ne tun fil azal, kuma ni a ganina waɗannan mutane jikokin wannan sana'a ne ko da ba su gaje ta ba. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke koyo yanzu sun fi sabawa da cirewa da ɗaurawa da shafa fila, domin motocin zamani bambarsu roba ce, farantinsu kuma siriri ne da ba ya son wuta.

Babbar barazana ga gangariya ba ɗan Taiwan ba ne, sikelin ɗan gwangwan ne. Kamfanonin narka ƙarfe suna sayen tsohon ƙarfe da kilo su mai da shi rodi, kuma tun da aka saki naira a 2023 kuɗin komai na ƙarfe ya tashi. Magada da suka tarar da tsohuwar 504 a ƙofar gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, ba sa tunanin ƙofofinta huɗu lafiyayyu ne. Ɗan jari-bola ya yi tayi, a sallama, a sare ta da gatari a loda. Ƙofar da za ta iya riƙe wata motar shekara goma ta tafi tukunya a kuɗin nauyinta kawai. Wannan asara ce ga magadan kansu, don da sun kira mai yanka mota ya ware kayan, da sun fi samun kuɗi.

In direba ya tambaye ni, ga abin da zan ce masa. Duk abin da ke riƙe da rai, wato ƙofa da ginshiƙanta, da hinji, da maƙullin bonet, da inda kujera ke zama, a nemi gangariya ko da tsohuwa ce, a duba ta da kyau. Bonet ɗin da maƙullinsa bai zauna ba yana iya tashi ya rufe gilashi ana tsakiyar gudu. Madigadi da bamba da ragar gaba kuwa, in kuɗi ya gaza, ɗan Taiwan zai yi, muddin an gwada shi a jikin mota kafin a fesa fenti, kuma an yi sharaɗin mayarwa in bai zauna ba. Sayar da kwaikwayo ba laifi ba ne, talaka yana bukatarsa. Laifin shi ne a goga masa ƙasa da tsohon fenti a ce ɗan Beljiyam ne, ko a rufe tsatsa da fila a rantse cewa lafiya lau. Addininmu ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma mutumin ƙauye da aka cuta sau ɗaya garinsu duka yake gaya wa.

Don haka kirana ga shugabannin 'yan kasuwar kayan mota na Ƙofar Ruwa shi ne su sa doka kowane mai rumfa ya rubuta a rasit ko kayan na gida ne, ko ɗan Beljiyam, ko kwaikwayo, kuma a hukunta wanda ya canja wa kaya suna. Ku kuma masu tsohuwar Fijo a gida, kafin ku kira mai sikeli, ku fara kiran mai sifana.