Darasi a cikin waya a Kolofata

Ranar 18 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Kamaru saboda korona, ɗaliban Jami'ar Marwa suka ɗaure kaya kowa ya kama hanyar gida. 'Yan Kolofata suka bi ta Mora suka koma garinsu, can kusa da duwatsun Mandara daf da iyakar Najeriya, garin da bai gama farfaɗowa daga harin Boko Haram na Yulin 2014 ba. Malamai kuwa suka koma turo darasi ta WhatsApp, wani takarda, wani saƙon murya.

Wahalar ɗaya ce ga kowa. Sabis na MTN ko Orange ya zo ya ɗauke, kuɗin data sai an yi ciko, waya kuma rabin yininta a shagon mai caji take. Hatta kwamfutocin da gwamnatin Paul Biya ta fara raba wa ɗalibai a 2017, ba wuta ai sun zama kayan ado. Amma karɓar karatun ta sha bamban, kuma hali ne ya raba.

Mai kunya, wanda ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga hannu a zauren lacca ba, shi ya fi morewa. Ya rubuta tambayarsa a nutse, ba idon da ke kansa. Haka wanda ya tashi da Barbarci ko Mandaranci, Faransancin malami na yi masa sauri: yanzu sai ya maimaita saƙon sau uku, sau huɗu, har ya zauna masa. Ni a ganina wannan ribar ba a ba ta haƙƙinta ba. Shi kuwa gwanin muhawara, wanda karatu ba ya shigarsa sai an zauna kan tabarma ana musu da abokai, ya bushe kamar an raba kifi da ruwa. Abin da za ka ji daga bakinsa shi ne, "Wannan ai ba karatu ba ne, aike ne."

Ɗalibai mata nasu daban ne. Wadda ke gida, ai gida take, ko da littafi a cinyarta: "Wance, zo ki duba tukunya." Mai naci sai ta jira dare, gida ya yi tsit, ta toshe kunne da abin sauraro.

Da aka buɗe jami'o'i ranar 1 ga Yuni, gwanin muhawara ne ya riga kowa zuwa tasha. Mai kunya ya bi shi a baya, da tsofaffin saƙonnin malam a wayarsa bai goge ba.