Mage marar gashi: Abin da ke jiran mai son kiwonta a zafin Yamai

Duk wanda ya fara cin karo da hotonta a TikTok ko Facebook, abin da ke zuwa masa a rai shi ne ko ƙazuwa ce ta cinye ta, ko kuwa wani marar tausayi ne ya yi mata ƙwal-kwabo. Fata duk a yamutse, kunnuwa fato-fato, gashin baki ma sau da yawa babu. Amma haka aka haife ta. Sunanta Sphynx, kuma tana cikin magunan da ake saye da tsada a duniya.

A unguwa irin Dar es Salam da ke birnin Yamai, mage ba baƙuwa ba ce. Tana bin katanga, ta yi maganin ɓera a ɗakin ajiya, a zuba mata ragowar abinci, shi ke nan. Ba a sayenta ma, kyauta ake bayarwa. Sphynx kuwa sai an kashe kuɗi kafin a mallake ta, sannan a ci gaba da kashewa har ƙarshen rayuwarta.

Daga Kanada, ba Masar ba

Sunan yakan sa mutane su ɗauka daga Masar ta fito, saboda shahararren gunkin nan na Giza. Ba ta da alaƙa da can. A 1966 ne wata magen gida a birnin Toronto na Kanada ta haifi ɗa babu gashi, aka sa masa suna Prune. A shekarun 1970 aka sake samun irinsa a jihar Minnesota ta Amurka da kuma Toronto, aka kai wasu ƙasar Holan, masu kiwo suka riƙa haɗa su da wani jinsi mai suna Devon Rex har iri ya kafu.

Sauyi ne a wata ƙwayar halitta da masana ke kira KRT71, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita sannan ɗan ke fitowa babu gashi. Rasha ma tana da nata: Donskoy da aka gano a birnin Rostov a 1987, da Peterbald da aka samar a 1994.

A Turai, ɗan Sphynx mai takardun asali yakan haura Yuro 1,000, wato sama da jaka 655 ta kuɗin sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jaka 42 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin fiye da wata 15 bai taɓa ko dala ba kafin ya kai kuɗin, ban da jirgi, ban da takardun likitan dabbobi.

Inda akwai irin wannan kuɗi kuwa, ba a rasa 'yan damfara. A 2016 kafofin labarai a lardin Alberta na Kanada sun ba da rahoton mutanen da aka sayar wa 'ya'yan mage na gida da aka aske tas da sunan Sphynx, ba su farga ba sai da gashi ya soma tsirowa. Mai shirin tura kuɗi saboda hoton da ya gani a WhatsApp, ya tuna da wannan.

Rana ta ƙona, hunturu ya busar

Wani zai ce ai dabbar da ba ta da gashi ita ta dace da ƙasa mai zafi. Lissafin ba haka yake ba. Gashin mage laima ce a gare ta: yana tare rana, yana kuma riƙe ɗumi idan sanyi ya sauko. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce maki 40 kusan kullum, fatar Sphynx tana ƙonewa idan ta daɗe a tsakar gida, kuma yawan ƙunar na iya kai ta ga ciwon dajin fata. Kwanon rufi da simintin da rana ta gasa, waɗanda magen unguwa ta san yadda take kauce musu, haɗari ne gare ta.

Dole ke nan ta zauna a ɗaki mai sanyi, kuma a nan batun wuta ke shigowa. Mazauna Yamai ba su manta da abin da ya faru ba a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa kamfanin NIGELEC bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Ko babu rikici, ɗaukewar wuta a bazara ba sabon abu ba ne. Wanda ba shi da janareta ko faifan sola, ya fara tambayar kansa ina magen za ta sa kanta da ƙarfe 2 na rana.

Da hunturu kuma sai lamarin ya juye. Daren Disamba da Janairu, da sanyi ke sauka zuwa kusan maki 15, sai an nema mata bargo ko 'yar riga. Ga ƙura. Fatar kowace mage tana fitar da maiƙo, gashi ne ke shanye shi. Ita da ba ta da gashi, maiƙon a jikinta yake taruwa, ƙurar hunturu ta manne, ta koma baƙin datti a cikin lanƙwasar fata, da kunne, da gindin farce, har ta ɓata zanin gado da kujera. Shi ya sa masu kiwonta ke yi mata wanka kusan duk mako da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Omo da sabulun wanki ba nata ba ne.

Ga ta da ci, domin jikinta na ƙona abinci da sauri don ya riƙe ɗumi. Abincin mage na kanti daga waje ake shigo da shi, kuma bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara wa kayan shigowa tsada. Ragowar miya ba mafita ba ce, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage. Wani kuskuren da ya fi wannan muni shi ne ba ta farasitamol idan an ga jikinta da zafi: ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka ma maganin kaska na karnuka mai sinadarin fametirin.

Masu neman ta don gudun atishawa da tarin da mage ke tayar musu su ma su yi hattara. Abin da ke tayar da ciwon yana cikin yawunta da fatarta ne, ba gashin kansa ba.

Zuciya

Matsalar da ta fi girma ba a ganinta da ido. Sphynx na cikin jinsunan da suka fi kamuwa da ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda kan kashe mage farat ɗaya tana tsaka da wasa. Ana gano shi ne ta hanyar hoton zuciya da ake maimaitawa lokaci zuwa lokaci. A Nijar kuwa, ƙarfin aikin likitancin dabbobi ya karkata ne ga shanu, raƙuma, awaki da tumaki, kuma da gaskiyarsa, domin su ne dukiyar ƙasa. Ko cibiyar LABOCEL da ke Yamai an fi saninta da rigakafin dabbobin kiwo. Don haka kafin a biya kuɗin mage, a fara nemo likitan da ke da na'urar da zai duba zuciyarta.

Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2024 ya nuna cewa magunan Birtaniya kan rayu kusan shekara 12, amma Sphynx ba ta cika 7 ba, ita ce ta ƙarshe a jerin. Wannan fa a ƙasar da asibitin dabbobi ke ko'ina.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani kan cinikin mage, kodayake mafi yawansu, har da Malikiyya, sun halatta. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haƙƙinta. Kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Sphynx kuwa ba a iya sakinta. Ranar da mai ita ya gaji, ko kuɗi ya yanke, ba za ta iya bin katanga ta ci da kanta kamar sauran ba.

A Holan, ƙasar da aka raini jinsin, gwamnati ta haramta mallakar mage marar gashi daga 1 ga Janairun 2026, bisa dalilin cewa siffar da aka ƙirƙira mata ce ke wahalar da ita. An bar wa masu tsofaffin nasu su riƙe har su mutu, matuƙar an sa musu guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ranar. Wanda aka kama da sabuwa kuwa, tarar Yuro 1,500 ke jiransa, wato kusan sefa miliyan ɗaya.