Cinikin masu cafe ƙwallo a NFL: ribar Kansas City da asarar Tennessee

Da zarar an kammala wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu, filayen ƙwallon Amurka sai su yi tsit, hayaniya ta koma ofisoshin ƙungiyoyi 32 na gasar NFL. A Maris ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, a ƙarshen Afrilu kuma a zaɓi matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai. A wannan tsakanin kowace ƙungiya take zama ta duba inda take da giɓi, kuma ba giɓin da ke ta da jijiyoyin wuyan magoya baya kamar na masu cafe ƙwallo.

Wannan wasa da hannu ake jefa ƙwallonsa. Akwai jagora guda mai jefawa, akwai kuma masu gudu da ke tsayawa a gefen fili, su falla a guje, su zille wa mai gadinsu, su cafe ƙwallon a sama. Su ne 'yan kallo suka fi gani, shi ya sa farashinsu yake ta hawa. Sai dai gasar ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. A 2022 iyakar ita ce dala miliyan 208.2, kuma da ita za a riƙe 'yan wasa 53. Duk dalar da aka ƙara wa mai cafewa, daga bakin mai tsaron baya ko mai kare jagora aka cire ta.

A Maris 2022 Kansas City Chiefs ta tsinci kanta a wannan matsi. Mai cafewarta Tyreek Hill, wanda da wuya a sami mai kamo shi a gudu, yana neman kuɗi mai tsoka, ga kuma kwantiragin shekara 10 da aka ƙulla da jagoransu Patrick Mahomes a 2020. Manajan ƙungiyar, Brett Veach, ya miƙa Hill ga Miami Dolphins, ya karɓi guraben zaɓe 5. Miami ta ba Hill dala miliyan 120 na shekara 4. Mutane da yawa suka ce Kansas City ta kashe kanta.

Abin da ta yi da rarar shi ne abin dubawa. Ba ta nemi wani Hill ɗin ba. Ta ɗauko mai cafewa JuJu Smith-Schuster a kwantiragin shekara 1, ta ƙara da Marquez Valdes-Scantling, zaɓenta biyu na zagayen farko kuwa duk ta zuba su a tsaro: Trent McDuffie da George Karlaftis. Matashin da aka zaɓo yana da araha har shekara 4, kuma a nan ne ribar take. Mahomes ya rarraba ƙwallo ga duk wanda ya sami sarari, mai cafewa Travis Kelce yana tsakiya, ya jefa yadi 5,250, ya zama gwarzon kakar. Suka doke Philadelphia Eagles 38 da 35 a Fabrairun 2023, suka sake ɗaukar kofin a shekarar da ta biyo.

Tennessee Titans ta bi irin wannan hanya a Afrilun 2022, ta kwana a ciki. Ta sayar wa Eagles mai cafewarta A.J. Brown, ta zaɓi Treylon Burks a gurbi na 18 da fatan ya gaje shi. Amma Tennessee ba ta da Mahomes. Ƙarfinta a gudun Derrick Henry yake, kuma tsoron Brown ne yake sa masu tsaro ja da baya su bar wa Henry hanya. Brown ya tara yadi 1,496 a kakarsa ta farko a Philadelphia. A Disamba ya tsallaka layin ci sau biyu a kan tsohuwar ƙungiyarsa, bayan kwana 2 aka sallami manajan Titans, Jon Robinson. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a ɓangarenta a 2021 ta ƙare kakar 2022 da nasara 7, rashin nasara 10.

Ban ce tsimin Kansas City bai da tsada ba. A kakar 2023 masu cafewarta sun yi ta zubar da ƙwallo har abin ya zama abin magana, masu tsaro ne suka rufa asiri. A Fabrairun 2025 kuma Eagles, da Brown a cikinta, ta casa su 40 da 22.

Duk da haka ina ganin kafin manaja ya tambayi wane mai cafewa ne ya fi kowa a kasuwa, ya fara duba wanda zai jefa masa ƙwallon. In jagoranka na iya ɗaga matsakaicin ɗan wasa, tara masu araha uku ko huɗu, ka kai kuɗin inda ake zubar maka da maki. In kuwa jagoran ne yake buƙatar a ɗaga shi, to mai cafewarka na ɗaya ba abin sayarwa ba ne, ko nawa ya nema. Veach ya san wace irin ƙungiya yake riƙe da ita, Robinson kuwa ya yi wa tasa gurguwar fahimta.